Masu lalurar otizim a finafinan 'yan sandan ciki: gaskiya nawa ce a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara 9, bara likita ya tabbatar mana yana da lalurar otizim. Tun daga nan ƙanwata ta matsa mini in kalli wani fim ɗin Faransa mai dogon zango, Astrid et Raphaëlle, na wata mai irin wannan lalura da ke taya 'yan sanda gano masu kisan kai. Na kalla, na ƙara da The Bridge da Sherlock. Wani abin sai in ga kamar ɗana aka ɗauka, wani kuma ko kusa. Yanzu dangi sai cewa suke "ai irin yaran nan ƙwaƙwalwarsu kwamfuta ce", alhali nawa har yau bai iya ɗaure igiyar takalminsa ba. Abin da finafinan nan ke nunawa gaskiya ne, ko dai ƙawata labari ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya raya mana shi, Ya ba ki ladan ɗawainiya.

Na daɗe ina aiki da yara masu wannan lalura da iyayensu, kuma ni ma mayyar finafinan bincike ce, don haka tambayarki ta same ni a gida. Abin da na lura da shi shi ne, masu shirya finafinan nan sun ƙware wajen kwaikwayon abin da ido ke gani: kau da kai, toshe kunne, magana ba kwana-kwana, jera kaya a layi. Inda suke kauce wa gaskiya shi ne kujerar da suke zaunar da mai lalurar a kai. Kullum shi ne mai bincike, gwanin da ya fi kowa. A rayuwa kuwa, idan mai otizim ya haɗu da ɗan sanda, galibi a ɗaya ɓangaren teburin yake zaune.

Kafin in yi nisa, wasu kafafen labarai na Hausa suna kiran lalurar da galahanga. Ni na fi son in ce otizim, domin na sha jin mutane suna cusa lalurori uku ko huɗu da ba su haɗa hanya ba a ƙarƙashin waccan kalma guda.

Ki san cewa siffar mai binciken nan mai baƙin hali, wanda ba ya dariya, ba ya gaisuwa, amma yana ganin abin da ya shige wa kowa duhu, ta girmi sunan lalurar kanta. Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes a 1887. Likita Leo Kanner bai bayyana otizim a rubuce ba sai 1943, Hans Asperger kuma a 1944. Wato shekara 56 da ɗinka rigar kafin a haifi wanda za a sa wa. Da marubutan talabijin suka ji labarin wata lalura mai sa mutum ya ƙwallafa rai a kan abu guda, ya riƙe ƙananan bayanai, ya kasa shiga hirar jama'a, sai suka ce ga mai rigarmu ya zo. Suka ɗebi abin da ya yi daidai da rigar, suka watsar da sauran. Shi ya sa kike ganin ɗanki a wani wuri, a wani wurin kuma ki neme shi ki rasa.

Sherlock na BBC, wanda Benedict Cumberbatch ya fito a ciki daga 2010 zuwa 2017, ba zan ɓata miki lokaci a kansa ba. Sau ɗaya abokinsa John ya ambaci ciwon Asperger, wani nau'in otizim, a kansa cikin zolaya, a zango na biyu. Shi kansa yana kiran kansa mutum marar tausayi mai kaifin basira, wanda wani ciwo ne daban da ba ruwansa da otizim. Mutumin da zai dubi hannun rigarka ya faɗa maka sirrin aurenka, ya yaudari mace har ta yarda za ta aure shi don kawai ya shiga ofishin maigidanta, wannan ba karanta mutane ne ya gagare shi ba, wulaƙanta su ne ya zaɓa. Haka Spencer Reid na Criminal Minds, mai karanta kalma 20,000 a minti guda. Wannan tatsuniya ce, a sha labari a wuce. Akwai kuma wata dabara da na tsana: a ba jarumi dukkan alamomin lalurar amma a ƙi furta sunanta, kamar yadda aka yi da Temperance Brennan a Bones tsawon shekara 12. Idan an yaba su karɓa, idan an yi ƙorafi su ce mu ba mu ce tana da komai ba.

Saga Norén, 'yar sandar Suwidin ta The Bridge, daban take, duk da ita ma ba a furta sunan lalurarta a fim ɗin ba. An fara nuna shi a 2011, haɗin gwiwar Suwidin da Denmak, ya ƙare a 2018 bayan zango huɗu, Sofia Helin ce ta hau matsayin. Ki tuna kashi na farko. An tsinci gawa a tsakiyar gadar da ta haɗa Malmo da Kopenhagen, an rufe hanya. Ga motar asibiti ɗauke da mutumin da za a yi wa dashen zuciya, matarsa tana roƙo. Saga ta ce ba mai wucewa. Martin, takwaranta na Denmak, ya ɗaga hannu aka wuce. Washegari ta rubuta ƙararsa, kuma da ya yi mata magana ba ta ga abin jin haushi ba: doka ce ya karya, ita kuma ta faɗa. Wannan na san shi kamar yunwar cikina. Ina da wani ɗalibi da ya taɓa kai ƙarar kansa wurin malami saboda ya shigo aji da minti biyu a makare ba a lura ba. Ba mugunta ba ce, ba neman suna ba ne. Doka ita ce sandar da yake dogarawa a duniyar da kowa ke faɗin wani abu yana nufin wani.

Abin da ya sa na yarda da Saga shi ne fim ɗin bai bar halin nan ya tafi a banza ba, sai da ta biya kuɗinsa. A ƙarshen zango na biyu ita ce ta tona asirin Martin, aboki ɗaya tilo da take da shi, aka ɗaure shi. Ta yi abin da ta ga daidai ne, ta koma ba ta da kowa, kuma kana gani a fuskarta cewa ta san abin da ta rasa. A ƙarshen zango na farko kuma ta yi ƙoƙarin yi masa ƙarya don ta sauƙaƙa masa wani baƙin labari game da ɗansa, ƙaryar ta ƙi zama a bakinta. Wanda ba shi da tausayi ba zai ma gwada ba. Wannan ya rushe maganar da ake yawan yi cewa masu otizim ba su da zuciya. Wani masani ɗan Birtaniya, Damian Milton, wanda shi kansa yana da lalurar, ya yi bayani a 2012 cewa rashin fahimtar daga ɓangare biyu yake: yadda suke kasa karanta mu, haka mu ma muke kasa karanta su, sai dai mu ne masu yawa, don haka laifin ya koma kansu.

Inda nake da ja da The Bridge shi ne tarihin da aka ba ta. Uwa mai cutar da 'ya'yanta da gangan, ƙanwa da ta kashe kanta, gida ba daɗi. Mai kallo da bai san komai ba zai tashi da tunanin cewa azabar ƙuruciya ce ta mayar da ita haka. Wannan tsohon dafi ne. A shekarun 1950 da 1960 an yi ta ɗora wa iyaye mata laifi cewa sanyin zuciyarsu ne ke jawo lalurar, wani masanin halayyar yara, Bruno Bettelheim, ya fi kowa yaɗa wannan magana, kuma bincike ya ƙaryata ta tuntuni. Da ita ake haihuwar yaro, gado na da babban kaso a ciki. Ina jaddada wannan ne domin na san irin maganganun da ake jefa wa uwa a gidan suna da gidan biki. Ba ke kika jawo ba, Hajiya, ba kuma wani abu kika tsallaka da cikinsa ba.

Astrid, wadda ƙanwarki ta nuna miki, ta fi Saga daɗin kallo, ta kuma fi ta nisa da ƙasa. Tashar France 2 ta fara nuna shi a 2019. Sara Mortensen, wadda ba ta da lalurar, ita ce Astrid Nielsen, ma'aikaciyar ma'ajiyar takardun shari'a a Paris da ta haddace fayil-fayil na shekaru. Akwai abubuwan da suka yi daidai ƙwarai. Abin toshe kunnen da take yawo da shi saboda ƙara. Ranar da ta keɓe don sayayya a shago guda, wadda idan aka taɓa ta komai ya dagule. Ƙungiyar da take zuwa ta manya masu lalurar, inda suke zama su tattauna abubuwan da ke ɗaure musu kai game da sauran mutane. Wanda ya fi burge ni shi ne ƙwayoyin waken da take lissafa ƙarfinta da su: kowace hayaniya, kowane baƙo, kowane sauyin shiri yana cin nasa, idan suka ƙare ta ƙare. Na ari wannan dabara na ba iyaye da dama, da tsakuwa ko ƙwallon dabino. Yaron da ya dawo daga makaranta ya kife a tsakar gida yana ihu saboda an canza masa kofi, ba kofin ba ne. Wakensa ne ya ƙare tun azahar, kofin ya zo a kan gaɓa.

Sai dai fim ɗin ya mayar da ita kamar wata waliyyiya. Likitan gawa zai gama bayaninsa, ta leƙa ta gyara masa. Tafiyarta, karkata kanta, muryarta mai fita kamar ana karanta sanarwa, duk an ƙara musu gishiri har wani lokaci kana ganin jarumar tana aiki, ba Astrid tana rayuwa ba. Idan kika samu Patience, wanda tashar Channel 4 ta Birtaniya ta fitar a Janairun 2025, labarin guda ne aka mayar da shi birnin York, ki gwada su. Ella Maisy Purvis da ta fito a ciki ita kanta tana da otizim. Ba ta yin rabin motsin da Mortensen ke yi. Abin yana cikin ɗan jinkirin da take yi kafin ta amsa, da yadda take riƙe jikinta a ɗaki mai mutane. Ba na cikin masu cewa haramun ne wanda ba shi da lalura ya taka rawar mai ita, Helin ta isa hujja. Amma wanda ya koya daga waje yakan nuna alama, wanda yake ciki yakan nuna ƙoƙarin ɓoye alamar, kuma na biyun shi ne abin da nake gani kullum a wurin aiki.

Wannan ya kawo ni kan wani abin mamaki. Saga, Astrid, Patience, Sonya Cross ta The Bridge na Amurka, Elise ta The Tunnel, duk mata ne, alhali a asibiti ana samun maza uku zuwa huɗu kafin a samu mace ɗaya. Wannan alheri ne, domin an daɗe ana tsallake 'yan mata. Amma dalilin da ya sa ake tsallake su shi ne sun iya rufa-rufa: su kwaikwayi dariyar ƙawaye, su haddace gaisuwa, su daure har su koma ɗaki su rushe. Matan talabijin kuwa ba sa rufe komai, daga nesa ka gane su. A wajenmu abin ya fi wuya, domin yarinyar da ba ta kallon idon manya, ba ta da surutu, ba ta fita, yabonta ake yi: mai kunya, mai natsuwa. Alamar da darakta a Turai ke haska wa kyamara don mai kallo ya gane akwai matsala, a gidanmu tarbiyya ce. Ni ba na dogara da kallon ido kaɗai idan ina duba yaro. Ina duba ko yana nuna wa uwarsa abu da yatsa don ta taya shi gani, ko yana waigowa idan an kira sunansa, ko yana wasan kwaikwayo irin na yara, a dafa tuwon ƙasa a ce a ci.

Yanzu maganar kwamfuta da dangi ke yi. Asalinta fim ɗin Rain Man ne na 1988, inda Dustin Hoffman ke ƙirga tsinken sakace da ya zube a ƙasa da kallo ɗaya. Mutumin da aka gina labarin a kansa, Kim Peek, daga baya likitoci suka karkata ga cewa ba ma otizim ne da shi ba, wata tawaya ce daban a ginin ƙwaƙwalwarsa. Irin wannan baiwa ta ban mamaki akwai ta, amma ƙiyasin da aka fi ambata, na wani masani, Bernard Rimland, a 1978, ya ce kusan mutum 1 ne cikin 10, kuma ko a cikinsu yawanci baiwar ƙarama ce, kamar sanin ranar da kowace kwanan wata ta faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da lalurar. A Amurka, inda aka fi bincike, rahoton hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, na 2025 ya ce 1 cikin 31 na yara 'yan shekara 8, kuma fiye da kashi ɗaya bisa uku na waɗanda aka auna suna da ƙarancin fahimta a haɗe. Kusan rubu'i zuwa sulusi ba sa magana, ko kalmominsu ba su wuce a ƙirga ba. Farfaɗiya ta fi yawa a cikinsu, haka rashin barci da tsananin zaɓen abinci. A Birtaniya, bitar da wani tsohon minista, Robert Buckland, ya jagoranta a 2024 ta nuna kusan 3 ne kawai cikin 10 na waɗanda suka isa aiki ke da aikin yi. Waɗannan ba sa shiga fim ɗin bincike, domin dole a kama mai laifi kafin minti 50 su cika.

Fim ɗaya na sani da ya dubi wannan giɓi ido da ido, shi ma na kotu ne: Extraordinary Attorney Woo na Koriya ta Kudu, 2022. Jarumar lauya ce mai haddar dokoki, irin dai gwanayen da muka saba. Amma a kashi na uku aka ba ta kare wani saurayi mai otizim mai tsanani, wanda ake zargi da kashe yayansa, hankalinsa na ƙaramin yaro, maganarsa maimaici. Shugabanta ya ɗauka tunda lalurarsu ɗaya za ta fahimce shi. Ta ce masa ita ba ta taɓa hulɗa da irinsa ba. Uwar saurayin kuma ta dube ta, sunan lalurarta ɗaya da na ɗanta amma ga ta lauya, abin ya tsaya mata a rai. Ina jin kin san wannan kallo, domin shi ne a cikin tambayarki.

Wancan saurayi shi ya fi kusa da abin da ke faruwa idan doka ta gamu da otizim. A Yulin 2016 a North Miami ta Amurka, wani mai kula da masu lalura, Charles Kinsey, ya kwanta a titi hannuwansa a sama yana ɗaga murya cewa abin da ke hannun majinyacinsa motar wasa ce, ba bindiga ba. Ɗan sanda ya yi harbi, ya sami Kinsey a ƙafa. A ranar 30 ga Mayun 2020, 'yan sandan Isra'ila suka harbe Iyad al-Hallaq, Bafalasɗine ɗan shekara 32, a tsohon birnin Ƙudus yana hanyar zuwa makarantarsa ta masu buƙata ta musamman. Ya tsorata ya gudu, malamarsa tana ihu cewa mai lalura ne. A Satumbar shekarar, a Salt Lake City ta Amurka, wata uwa ta kira neman agaji don ɗanta ɗan shekara 13 ya birkice, aka zo aka harbe shi sau da dama, Allah Ya yi da sauran kwanansa.

Dalilin a fili yake. Duk abin da aka koya wa jami'i cewa alamar rashin gaskiya ce, shi ne halin yaranmu na yau da kullum: ƙin haɗa ido, jijjiga jiki, jinkirin amsa, maimaita tambayar da aka yi, dariya a inda ba ta dace ba, fizgewa idan an taɓa su. Wani matashi da na taɓa koyarwa, an tsayar da su da yayansa a wani shingen bincike da dare. Jami'in ya haska masa tocila ya ce, "Daga ina?" Ya ce, "Daga ina?" Aka sake tambaya, ya sake maimaitawa, yana murmushi yana kaɗa yatsu a gefen fuskarsa. Kafin yayan ya zagayo daga wajen direba, mari ya sauka. Wata uku yaron bai yarda ya shiga mota ba. A ɗakin tambayoyi kuma haɗarin ya fi haka, domin da yawansu za su ce "e" ga duk abin da aka faɗa da ƙarfi don a ƙyale su su tafi gida. Shi ya sa a Ingila da Wales, ƙarƙashin dokar 1984 da ta tsara aikin 'yan sanda, ba a yi wa mai rauni irin wannan tambayoyi sai da wani babba a gefensa da zai tsaya masa. Labari ne mai ɗaukar rai, ga tsoro ga tausayi, amma da wuya ki ga an gina fim a kansa, don a nan ɗan sanda ne ke buƙatar a koya masa.

Idan kina son ma'aunin da za ki riƙa gwada irin finafinan nan, ki bar kallon wurin da jarumar ke warware kisa. Ki jira ta koma gida. An nuna ta gaji? An nuna abin da ranar ta ci mata? Tana da abin da take so don kanta, wanda ba ya amfanar 'yan sanda da komai? An taɓa barin ta yi kuskure a aiki? Da wannan ma'auni Saga ta haye, Patience na biye, Astrid rabi da rabi, Sherlock bai ma shiga layi ba.

Dangi kuwa, kada ki yi faɗa da su. Wanda ya ce kwamfuta ya fi wanda ya ce aljanu, an dai matsa gaba kaɗan. Amma ki taka musu burki da wuri, domin yaron da ake jira ya nuna abin al'ajabi, ranar da aka gaji da jira sai a ce ai shi nasa ma ba mai amfani ba ne. Ki gaya musu abin da yake so da abin da ke firgita shi, ki nuna musu yadda ake yi masa magana: gajeriyar jimla, a jira ya amsa, kada a taɓa shi ba zato. Tun yanzu ki fara koya masa faɗin sunansa da naki da lambar wayarki, ki rubuta su a kati tare da bayanin lalurarsa a sa masa a aljihu duk lokacin da zai fita.

Igiyar takalmi kuma, yawancin yaranmu suna fama da aikin yatsu, ba shi kaɗai ba ne. Ki samo igiya biyu masu launi daban, ki ɗora takalmin a kan tebur gabansa maimakon a ƙafarsa, ki yi dukkan matakan da kanki ki bar masa na ƙarshe kawai, wato jan kunnuwan biyu. Idan ya iya wannan, ki bar masa biyun ƙarshe, a haka kuna komawa baya har farko. Kafin nan ki saya masa mai maɗauri na mannawa ya tafi makaranta da shi.